Jinin Mai Guga

Zuwa ga Yaya,

Yaya, ina gaishe ki da kyau. Ki gaida mai gidanki da yara, har da wannan mai ƙiriniyar da ta ɓoye min takalmi. Ina fatan ƙafarki ta yi sauƙi. Auta ce. Maman 'Yan Biyu ke rubuta min, maƙwabciyarmu da ta yi koyarwa, na ce ta sa yadda na faɗa kar ta gyara. Ban kira ki ba don wayar ɗaya ce a gidan, a aljihun mijina take, kuma maganar tasa ce. Direban motar safe zai kawo miki.

Baban Tsito ya daina shan taba. Na san yadda kika yi da baki, daga nan ina ganinki. Ranar da aka sallami 'Yar Tsito daga asibiti, ƙirjinta na ƙara kamar ana busa usur, kin ce min ko ya bari ko in kawo miki yarinyar. To ashe yana bayan ƙofa ya ji. Washegari ya ce in raka shi ƙaramin asibitin unguwarmu.

Akwai wata Sista a can, mai ƙaton tabarau, ita ke kula da masu son bari. Duk Alhamis da azahar. Tana da wata na'ura a kan tebur, ba ta fi rediyo ba. Sai ta goge yatsa, ta ɗan soka, ta zuƙi jini da wani siririn kwalba, ta sa a bakin na'urar. Kafin ki gyara goyo takarda ta fito. Ta ce hayaƙin taba yana da wata guba da ke maƙale wa jini ta hana shi ɗaukar iska, na'urar kuma gubar take ƙirgawa. Wanda ba ya sha, ɗaya ko biyu. Ranar farko nasa ya nuna tara.

Ya ce, “Sista, tara cikin nawa?”

Ta ce, “Ba jarrabawa ba ce, mai guga. A nan wanda ya ci sifili shi ne na ɗaya.”

Ya yi dariya, amma da muka fito ya ba wa mai shara kwalin da ke aljihunsa, sai kuma ya koma ya karɓe ya jefa a kwata, wai kar alhakin wani ya hau kansa.

Alhamis ɗin nan da ta wuce muka koma. Biyu, Yaya. Sista ta ɗiga masa a kati, ta ja layi daga sama zuwa ƙasa, har ni da ban iya karatu ba na gane. Ya riƙe katin nan har gida bai sa a aljihu ba.

Sai dai yana shan wuya. Hannunsa na rawa, yana cin gyaɗa kamar ɓera. Kin san rumfar da suke guga a bakin titi, ba ƙofa ba taga, mai sayar da taba yana jikinta, abokan aikinsa uku duk suna sha. Ya ce in ya ƙara sati a wurin zai koma. Shi ya sa ya kwaso teburinsa da dutsen guga da kaskon gawayi ya dawo ɗakinmu. Ni zan riƙa wanki a famfon tsakar gida, shi yana guga a ciki.

Matsalar ɗaya ita ce Dogo mai gadi. Bencinsa yana ƙarƙashin tagarmu, taba yake sha daga wannan kara sai wancan. Na roƙe shi ya matsa, ya ce shekara goma sha ɗaya yana zaune a nan tun kafin mu san hanyar gidan. Sai Baban Tsito ya samo kwali da leda ya toshe tagar tsaf, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Yanzu ko ƙuda ba ya shigowa. Likita ma dama ya ce a kiyaye ta da sanyi da hayaƙi.

Ki taya mu addu'a. Ki bar min 'yata.

Taki,
Auta

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa. Saƙonki ya iso, ƙafa da sauƙi. Ki gode wa Maman 'Yan Biyu, rubutunta mai kyau ne.

Na ji labarin biyu. Allah ya sa ya ɗore. Ni dai ban yi guɗa ba tukuna. Ke kina ƙarama lokacin da Baba yake tari, ni ce nake zubar da kwanon. Sau huɗu ya daina shan taba. Sau huɗu Inna ta dafa abinci ta raba wa maƙwabta don murna. A rufin banɗaki yake ɓoye kwalayen, ni na gano, ina 'yar shekara tara.

Namiji mai taba ba a tambayar bakinsa. Ki duba aljihu, ki duba cikin safa, ki shinshina yatsunsa biyu na dama. Kuma ki gode Allah da kika samu na'urar da ba ta jin kunya kuma ba ta son kowa. Abin da ta ce shi za ki gaya min, ba abin da ya ce ba.

Maganata tana nan inda na ajiye ta. In lambar ta tashi, ki ɗauko yarinyar ki taho. Ɗaki yana nan na share.

Yayarki

Zuwa ga Yaya,

Yaya, ina gaisuwa. A gaida kowa da kowa. Ki yi haƙuri na yi shiru sati biyu, na so in ga ko abin zai gyaru kafin in buɗe baki.

Ta tashi. Waccan Alhamis shida. Wannan takwas.

Ranar shidan Sista ta ce ƙila na'urar ce, ta soki yatsanta a gabanmu ta gwada. Ɗaya. Ta sake sokarsa a ɗaya hannun. Shida. Ta cire tabarau ta ce, “Mai guga, ba duka zan yi ba. Mutane suna zamewa, sai a sake tashi. Kara nawa?”

Ya ce, “Wallahi ko ɗaya.”

Ta ce, “Kuna kunna janareta kusa da ɗaki?” Ya ce ba mu da shi. “Kuna girki a ciki?” Na ce a'a, a waje nake yi. “Akwai hayaƙi a ɗakin?” Ya ce, “Sista, ɗakina ya fi ofishinki tsafta. Ko hayaƙin ashana ba ya shiga.” Kuma gaskiya ya faɗa, Yaya. Gawayin ma a waje ake hura shi, sai ya yi jajir ya gama hayaƙinsa tas ake shigo da shi.

Sista ta rubuta lambar. Layin da ya sauka ya juya sama. Ranar takwas ɗin ko wasan da take yi masa ba ta yi ba. Ni ta kalla.

Na yi abin da kika ce. Na duba aljihu, na duba safa, na kwance matashi, na hau kujera na lalube saman kwaba. Na shinshina yatsunsa yana barcin rana, sitaci kawai na ji. Ya farka ya kama ni. Ya ce, “Me kike nema, Maman Tsito, ko yatsan ne za ki ci?” Na yi dariya, shi bai yi ba.

Amma ba shi ba ne, Yaya. Wannan mutumin da ke ɗakina ba shi ba ne. Kullum ciwon kai, ya ɗaure goshi da ɗankwalina. Idonsa ja. Shekara goma sha biyu yana guga bai taɓa ƙona ko hankici ba, shekaranjiya ya ƙona farar rigar wani lauya, yana tsaye a kanta yana kallo har sai da na ji ƙauri na ture hannunsa. Na ce me kake tunani, ya ce bai sani ba. Jiya ya tambaye ni ko ya ci abinci, kwanon yana gabansa.

Abu ɗaya ne mai daɗi. 'Yar Tsito ta daina kukan nan nata. Barci take ta yi. In na kwantar da ita a bayan teburin babanta na fita wanki, sai in dawo in same ta yadda na bar ta. Har sai na tashe ta take shan nono, ta ɗan ja ta saki. Matan gidan suna cewa na huta, yarinya ta samu lafiya. Ni ma haka nake cewa. Sai dai wani lokacin ina sa yatsa a hancinta.

Ni ma kaina na sarawa, zuciyata na tashi da safe. Kar ki yi faɗa. Ina jin tsoron ko ciki ne, yarinyar ko wata shida ba ta cika ba. Ban gaya masa ba.

Yaya, ya rantse min. Ya dafa kan 'yarsa ya rantse. Ki ƙara min sati ɗaya.

Ƙanwarki,
Auta

Auta,

Gaisuwa. Ba zan tsawaita ba, direba yana tsaye.

Jan ido, mantuwa, ƙona kayan mutane. Wannan ya wuce taba. Ko dai ya ƙara da wani abu, ko ya musanya ta da abin da ya fi ta muni. Na nuna wa mai gidana takardarki, shi ma haka ya ce.

Kin ce kin duba ko'ina. Awa nawa kike yi a bakin famfo? Dogon nan da kike zagi yana zaune taku biyar daga ƙofarku da kwali a aljihu. Ba sai ya ɓoye komai a ɗaki ba. Kina can kin duƙa a kan bokiti, ya leƙo, ya ja sau uku, ya koma.

Rantsuwa kuma Baba ma ya yi, da kan dukkanmu.

Sati ɗayan na ba ki. In Alhamis ta zo lambar ba ta sauka ba, ranar Litinin direba zai riƙe miki kujerar gaba, motar sha biyu. Kar ki yi sallama da shi, zai yi miki kuka ki fasa. Na san ki.

Yayarki

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki. Yau ban da ƙarfin gaida kowa, ki gaishe su.

Na gaya masa abin da kika ce game da Dogo. Ban ce ke kika faɗa ba, amma ya ce, “Wannan ba maganarki ba ce, na ji muryar mai ita.” Ya fita ya dawo da sabon kwaɗo da mukullai biyu, ya danƙa min duka a hannu. Ya ce, “Daga yau in za ki fita ko nan da famfo ne, ki kulle ni ta waje. Ki kwashe ashana. Ke za ki riƙa hura gawayi ki kawo min. In banɗaki zan je ki raka ni ki tsaya. Sati ɗaya. Sai mu ji abin da na'urar za ta ce, ita da yayarki.”

Na ce mutane za su yi da mu. Ya ce su yi.

Sun kuwa yi. Matar mai gyaran rediyo ta ce in ara mata kwaɗon in na gama. Dogo yana ce min gandiroba, in na wuce ya sara min. Na kulle mijina kwana bakwai, Yaya. Ina wanki ina jin ƙarar dutsen guga a kan tebur, dum, dum, in ta tsaya sai gabana ya faɗi, in ta ci gaba sai in yi ajiyar zuciya. Ko sau ɗaya bai fita ba tare da idona ba. Kayan da ake kawowa ni nake kwancewa in lalube aljihunan kafin su shiga.

Ranar Alhamis ya yi guga tun asuba don ya gama kafin mu tafi. Ya sa rigarsa mai kyau. A hanya ya yi amai a bakin kwata, ya ce zumuɗi ne. Yana shiga ya miƙa yatsa kafin a ce ya miƙa, ya ce, “Sista, yau ki shirya ba ni haƙuri.”

Goma sha ɗaya.

Ya ce a sake. Aka sake. Ya kalli takardar, ya kalle ni, ya ce, “Maman Tsito, ke ce shaidata. Faɗa mata.” Na kawar da ido. Don ni ma abin da ke raina shi ne, ina ya ɓoye ta? Ta yaya? Ya gani a fuskata.

Sista ta ce akwai layi a waje, mu dawo sati mai zuwa za ta haɗa shi da likita. Ya tashi ya bar katin a kan tebur. Ni na ɗauko.

Tun daga nan bai yi min magana ba sai “ungo” da “kawo”. Na ce to a daina kullewar tunda ba ta yi amfani ba. Ya ce, “A'a. Ki ci gaba. Ko ni yanzu ban yarda da kaina ba. Wa ya sani ko ina sha ne in manta.” Wannan maganar ta fi komai tsorata ni.

'Yar Tsito jiya sai da na shafa mata ruwa a fuska ta buɗe ido.

Zan zo ranar Litinin. Otal sun kawo zannuwan gado masu yawa, ranar zai wuni a kansu, ba zai lura ba. Zan sa kayanmu a cikin ƙullin wanki. Zan fara biyawa wurin Sista a duba min maganar cikin, don in san da me zan zo miki. Maman 'Yan Biyu ta ce ba ta so ta rubuta wannan, na ce ta rubuta.

Sai na zo.

Auta

Auta,

Direba ya ce ya jira ki har ɗaya saura, fasinjoji suka yi masa ca. Jiya ma na je tasha. Wayar mijinki tana ta ƙara ba a ɗauka. In fasawa kika yi ki gaya min, ba zan cinye ki ba. Me ya faru?

Yayarki

Zuwa ga Yaya,

Yaya, ina gaishe ki. Muna babban asibiti, mu uku. 'Yar Tsito tana nan da rai, ki fara jin wannan. Maman 'Yan Biyu ta kawo min takardarki, tana zaune a gefena a benci. Zan faɗa a jere, in na tsaya ba zan iya ci gaba ba.

Ranar Litinin na hura gawayi. Kullum kasko ɗaya nake kai masa, in ya ci ya buga ƙofa in ƙaro. Ranar na san ba zan dawo in ƙaro ba, sai na ari kaskon maƙwabta na cika biyu, don kar aikinsa ya tsaya. Na shigar masa da su, sun yi jajir. Na zauna ina ninke zannuwa har wajen goma, yarinyar na kwance. Ya ce, “Yau kin yi min gata.” Ita ce doguwar maganar da ya yi min a kwana huɗu.

Na goya ta, na ɗau ƙulli, na ja ƙofa na sa kwaɗo yadda na saba, don in ban sa ba zai gane. Niyyata in ba Maman 'Yan Biyu mukullin ta buɗe shi bayan azahar. Na tarar ta tafi kasuwa. Na ce to in na fito daga wurin Sista sai in biyo.

Na yi awa ɗaya a layi. Sista ta gwada fitsari ta ce ba ciki. Ta ce to me ke damunki, na ce kai da tashin zuciya, sati uku. Ta ce, “Da yaushe yake fi tsanani?” Na ce in na daɗe a ɗaki, in na fita famfo yana sakina. Ta ajiye biro. Ta ce, “Kawo yatsanki.”

Na ce, “Sista, ni ai ba na sha.”

Ta ce, “Na sani. Kawo.”

Bakwai, Yaya. Ni da ko kara ban taɓa riƙewa ba. Ta ce sauko da yarinyar. Ta soke ta a dunduniya, ko motsi ba ta yi ba. Da takardar ta fito ba ta faɗa min lambar ba, ta ƙwala wa wata nas kira ta ce a sa wa yarinyar nan iska yanzu. Sai ta riƙe kafaɗuna ta ce, “Da wane irin dutse mijinki yake guga?”

Na ce na gawayi.

“A ina?”

Na ce a ɗaki. Na ce amma ba ya hayaƙi, sai ya yi ja muke shigo da shi.

Ta ce, “Jan shi ne mai kisa. Ba a gani, ba a jin wari. Gubar ɗaya ce da ta taba. Taga a buɗe take?”

Na ce mun toshe saboda Dogo.

Ta ce, “Yana ina yanzu?”

Na ce yana ciki.

Ta ce, “Kira shi ya fito waje.” Na ce ba zai iya ba. Na kwance bakin zanina na nuna mata mukullin.

Ban san mace mai jikinta tana gudu haka ba. Muka bar yarinyar a hannun nas, muka hau babur ɗaya mu biyu, tana dukan bayan mai babur. Muka shiga gida. Ba ƙarar dutsen guga. Na tsaya a bakin ƙofa ina saurare, babu. Hannuna ya kasa sa mukulli a kwaɗo, sau uku yana faɗuwa. Dogo ne ya taso da tabarsa a baki ya ce, “Gandiroba, lafiya?” Sista ta ce ɓalle ƙofar nan. Ya kalle ta, ya tofar da tabar, ya sa kafaɗa.

Ƙofar ba ta buɗe duka ba don yana bayanta. Yana kwance a ƙasa, rub da ciki. Ya janye tsumman nan da ke ƙasan ƙofa, ya sa hancinsa daidai wurin. Dutsen yana kan zanin otal, ya ci rami har tebur. Fuskarsa fes, kamar mai barci.

Sista ta ce kar kowa ya tsaya a ciki. Dogo ya riƙe numfashi ya ja shi ta hammata zuwa tsakar gida, ya zagaya ya yage kwalin taga da hannu. Matar mai gyaran rediyo tana ta cewa ta ji ana buga ƙofa wajen sha ɗaya, ta zaci gawayi yake nema, ta ce bari mai mukulli ta dawo.

A nan ma suna da irin na'urar. Da aka kawo shi talatin da takwas. Sun sa masa iska a fuska, suna sokar yatsa duk bayan 'yan awanni. Jiya da yamma ta sauka uku. Yau ɗaya. Sista ta zo duba mu, ta ga takardar, ta cire tabarau tana gogewa. Ta ce da yana shan taba a ɓoye da tuni an gane. Ta ce ita ce ta tambayi hayaƙi ba ta tambayi wuta ba. Na ce ni ce na hura.

'Yar Tsito ta farka tun daren Litinin. Kuka take yi, Yaya, tana tsala ihu har masu jinya suna tsaki. Ni kuwa ko rarrashinta ba na son yi.

Shi bai farka ba. Likita ya ce jinin ya wanke, amma ƙwaƙwalwa ta daɗe ba iska, ba a san me ya taɓu ba sai ya tashi.

Bai sha ba, Yaya. Ko kara ɗaya. Ki gaya wa mai gidanki.

Kar ki sake sa a riƙe min kujera.

Auta

Auta,

Na karanta. Na sake karantawa. Ban da abin cewa da zai shiga takarda. Ina tafe ranar Asabar, in ƙafar ta ƙi a ɗauke ni. In ya farka kafin in iso, kar ki ce masa komai a madadina. Da bakina zan faɗa.

Yayarki

Yaya,

Ina gaishe ki. Allah ya kawo ki lafiya. Ɗaki na huɗu, gadon jikin bango.

Ya buɗe ido yau da hantsi. Nas ta ce ya matsa hannunta, ya matsa. Ta ce ya ɗaga ƙafa, ya ɗaga. Na miƙa masa 'Yar Tsito, ya sa yatsa a kumatunta, bakinsa ya ɗan motsa.

Sai na matso na ce, “Baban Tsito, ni ce.” Ya kalle ni. Ya daɗe yana kallona, ya juya fuska bango.

Likita ya ce in yi haƙuri, wasu ba sa gane mutane a ranar farko. Na ce to. Ban gaya masa ba, amma ni ban sani ba ko bai gane ni ba ne, ko kuwa ya gane ni.

Ina zaune a nan.

Auta